Tsarkake Gurɓataccen Ruwan Masana'antun Sarrafa Ƙwallon Kashu da na Kaɗanya

Gabatarwa

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Duk inda aka ga rafi ya yi baƙi yana ɗoyi, kifaye sun taso sama suna haki, to akwai abin da aka zuba masa. Idan aka yi zancen gurɓatar ruwa, hankalin jama'a yakan tafi ga masana'antun jima da na rini, domin kowa ya san suna aiki da sinadarai masu guba. Ba kasafai ake zargin masana'antar abinci ba. Amma ruwan da ke fita daga wurin sarrafa ƙwallon kashu ko na kaɗanya yana iya kashe rafi kamar yadda ruwan majema ke kashe shi. Wannan darasi zai bayyana inda ruwan ke fitowa, da irin ɓarnar da yake yi, da yadda ake auna ƙazantarsa, sa'an nan da matakan da ake bi a tsarkake shi.

Inda Ruwan Yake Fitowa

Asalin itacen kashu, wanda wasu ke kira yazawa, daga arewa maso gabashin Burazil yake. Turawan Fotugal ne suka kai shi Indiya da Afirka a ƙarni na 16. A 'yan shekarun nan ƙasar Kwaddibuwa ce ke kan gaba wajen noman ɗanyen ƙwallon, inda abin da ta samar a shekarar 2023 ya haura tan miliyan ɗaya. Wajen sarrafawa kuwa Biyetnam da Indiya ne suka yi fice, kuma garin Kollam na Jihar Kerala a Indiya ya daɗe da yin suna a kan wannan sana'a. A Nijeriya ana noman kashu sosai a jihohin Kogi da Oyo da Kwara da Inugu.

Wahalar sarrafa kashu tana cikin ɓawonsa. Ɓawon yana da ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, cike da wani mai baƙi-baƙi mai kauri wanda ke ƙona fata. Duk yaron da ya taɓa gasa ƙwallon kashu a murhu ya san shi. Domin a fasa ɓawon ba tare da man ya ɓata ƙwayar ba, masana'antu kan dafa ƙwallon da tururi, ko su gasa shi a cikin ganga mai juyawa sa'an nan su yayyafa masa ruwa don kashe wutar. Tururin da ya huce ya koma ruwa, da ruwan kashe wuta, da ruwan wanke injuna da daɓe, su ne ke haɗuwa a kwatar masana'anta, dukkansu ɗauke da ɓurɓushin wannan mai. Siririyar fatar da ke manne da ƙwayar kuma tana ƙara wa ruwan sinadarin tanin, irin wanda ke cikin bagaruwa.

Kaɗanya kuwa itaciya ce ta ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara, kuma mata ne suka riƙe sana'ar man kaɗe a wurare irin su Jihar Neja a Nijeriya da yankin Tamale a arewacin Gana. Ana tafasa ƙwallon, a shanya, a fasa, a soya ƙwayar, a niƙa, sa'an nan a riƙa bugun ƙullin da hannu ana zuba ruwa har man ya taso sama fari-fari. Idan aka kwashe man, abin da ke saura shi ne wani jan ruwa mai duhu da tuƙa a cikinsa, wanda akasari a bayan gida ko a kwata ake zubar da shi. Inda aka daɗe ana zuba shi, ƙasar takan yi baƙi, ciyawa ba ta tsira. A watan Agusta na shekarar 2025 Gwamnatin Tarayyar Nijeriya ta ba da sanarwar dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya na tsawon wata shida, domin a ƙarfafa sarrafa shi a cikin gida. Ƙaruwar sarrafawa kuwa ƙaruwar wannan ruwa ce.

Illa Uku

Illa ta farko, kuma mafi girma, ita ce ƙwace iskar oksijin. Kifi da sauran halittun ruwa suna numfashi ne da oksijin da ta narke a cikin ruwa, kuma ba ta da yawa. Lita guda ta ruwa mai tsabta ba ta riƙe fiye da kimanin miligiram 9 idan zafinsa digiri 20 ne, idan kuma ya kai digiri 30 sai ta ragu zuwa kimanin 7.5. Yawancin kifaye sukan shiga wahala idan ta yi ƙasa da miligiram 4 ko 5. Gurɓataccen ruwan masana'anta cike yake da mai da sitaci da furotin, watau abinci ne ga bakteriya. Da zarar ya shiga rafi sai bakteriyar rafin su far masa, su hayayyafa, su shanye oksijin ɗin da ke akwai. Idan ta ƙare sai wasu nau'o'in da ba su bukatarta su karɓi aikin, su riƙa fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Abinci ne ya yi wa rafin yawa har ya shaƙe.

Illa ta biyu ita ce ta mai. Mai ba ya haɗuwa da ruwa, saboda haka yakan shimfiɗu a samansa ya hana iska shiga. A gona kuma yakan toshe ƙofofin ƙasa, ruwan sama ya kasa nutsewa.

Illa ta uku ita ce ta dangin sinadarin finol. Man ɓawon kashu kusan dukkansa daga wannan dangi yake, manyan cikinsu su ne asid ɗin anakadik da kadol da kadanol, kuma tanin ma ɗan dangin ne. Suna cutar da kifi, suna hana iri tsira, kuma idan suka gamu da sinadarin kulorin da ake sa wa ruwan famfo sukan haifar da wani ɗanɗano mai ɗaci kamar na magani ko da ɗan kaɗan ne. Abin da ya fi damun injiniya shi ne cewa finol yana kashe bakteriya, alhali kuwa bakteriya su ne ma'aikatan da ake dogara da su wajen tsarkake ruwan. Wannan shi ne ya bambanta ruwan waɗannan masana'antu da ruwan kwatar gidaje.

Yadda Ake Auna Ƙazanta

Ba a gane nauyin ƙazantar ruwa da ido. Masana suna auna abin da za a iya kira yunwar oksijin ta ruwan, kuma hanya biyu ce.

Ta farko ana taƙaita sunanta da haruffan BOD. Ana surka samfurin ruwan da ruwa mai tsabta, a auna oksijin ɗin da ke ciki, a toshe kwalbar a ajiye a duhu kwana 5 a zafin digiri 20, sa'an nan a sake aunawa. Abin da ya ragu shi ne abin da bakteriya suka sha. Wata hukumar bincike kan ruwan kwata ta Birtaniya ce ta tabbatar da wannan ma'auni a rahotonta na shekarar 1912. Ruwan kwatar gidaje yakan nuna miligiram 200 zuwa 300 a kowace lita. Na masana'antun sarrafa ƙwallaye masu mai sau da yawa yakan kai dubbai.

Ta biyu ita ce COD. A nan ba a jiran bakteriya. Ana dafa samfurin da asid mai ƙarfi da sinadarin dayikuromet na tsawon awa 2, ya ƙone kusan duk abin da ke ciki, har da wanda bakteriya ba za su iya ci ba. Don haka COD kullum ya fi BOD yawa. Idan BOD ya kai rabin COD, ruwan zai yi sauƙin tsarkakewa da bakteriya. Idan kuwa bai kai kashi 3 cikin 10 ba, alama ce cewa akwai abin da ke hana su aiki, kuma a ruwan kashu finol ne ake fara tuhuma.

Ga misali na lissafi. A ɗauka wata masana'anta tana zubar da lita 10,000 a rana, BOD ɗin ruwan kuma miligiram 4,000 ne a lita. Idan litar ruwan rafi tana riƙe da miligiram 8 na oksijin, lita guda ta ruwan masana'antar za ta shanye oksijin ɗin lita 500 na rafin. A rana ɗaya ke nan za ta shaƙe lita miliyan 5. Jimlar BOD ɗinta kilogiram 40 ce a rana, kuma da yake ana ƙiyasta na mutum guda a kan giram 60, wannan masana'anta ɗaya daidai take da ƙauye mai mutum kusan 670 da ke zuba ƙazantarsu a rafin.

Mataki na Farko: Tacewa da Raba Mai

Ana fara bi da ruwan ta cikin raga ta ƙarfe, wadda ke tare ɓawo da tuƙa kamar yadda rariya ke tare tsaki. Daga nan sai tankin raba mai, wanda aka kasa ɗaki-ɗaki da bangaye masu ƙofa ta ƙasa. Ruwa yana wucewa ta ƙasa, mai yana taruwa a sama ana yaɗe shi. Manyan masana'antu kan narkar da iska a cikin ruwan da matsi, sa'an nan su sake shi, sai ƙananan kumfa su taso kamar idan an buɗe kwalbar lemo, su ɗauko ɗigon mai zuwa sama. Man ɓawon kashu da aka tara kaya ne na sayarwa, domin ana amfani da shi wajen yin fenti da banis da takalmin birkin mota.

Bayan haka sai tankin daidaitawa. Masana'anta ba ta zubar da ruwa iri ɗaya a ko da yaushe, domin na tukunyar tururi yana da zafi da ƙarfi, na wanke daɓe kuwa tsararo ne. A wannan tanki suke cakuɗuwa su huce, a kuma gyara tsaminsu da farar ƙasa ko soda har ma'aunin pH ya matso kusa da 7.

Mataki na Biyu: Aikin Sinadarai

Akwai ƙananan ɓurɓushi da ba sa kwantawa ko da an bar ruwan mako guda. Dalili shi ne dukkansu suna ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya, mai alamar ɗebewa, saboda haka suna ture juna. Idan aka zuba alif, wanda aka saba sa wa a randa, sai ya kawo caji mai alamar tarawa ya kashe nasu. Nan take sukan manne da juna, su yi curi-curi, su nutse. Garin ƙwayar zogale ma yana wannan aiki, kuma matan ƙauyukan bakin Kogin Nilu a Sudan sun daɗe suna tace ruwa da shi. Sai dai idan ya yi yawa shi ma yakan ƙara wa ruwan BOD.

Alif yana rage tanin da launi, amma finol ɗin da ya narke yakan tsere masa. Inda ya yi yawa, akan yi amfani da hanyar da masanin kimiyya na Birtaniya Henry Fenton ya gano tushenta a shekarar 1894, watau haɗa gishirin ƙarfe da sinadarin haidurojin feroksayid a cikin ruwa mai tsami, pH ɗinsa wajen 3. Haɗin yana haifar da wasu ɓarɓashin sinadari masu tsananin kaifi waɗanda ke farfasa zoben finol. Hanyar tana da tsada kuma tana barin laka mai ƙarfe, don haka ba a nufin ta gama aikin. Abin da ake so shi ne ta karya gubar ta yadda bakteriya za su iya ƙarasawa, bayan an mayar da pH wajen 7.

Mataki na Uku: Aikin Bakteriya

A nan ne ainihin tsarkakewar take. Abin da bakteriya ke yi a rafi ya zama ɓarna, shi ne ake sa su yi a cikin tanki ya zama gyara.

Ruwa mai ƙarfi ana fara kai shi rufaffen tanki marar iska. A ciki rukuni na farko na bakteriya suna mayar da mai da sitaci su zama asid, rukuni na biyu kuma, waɗanda wasu ƙananan halittu ne dabam masu saurin jigata, suna mayar da asid ɗin ya zama iskar gas ta misen. Sun fi son zafin digiri 35 da pH kusa da 7, abin da ya sa yanayin ƙasashe masu zafi ya dace da su. Idan aka yi wa tankin ɗura fiye da kima, masu yin asid sukan rinjayi masu cinye shi, tankin ya yi tsami, gas ya tsaya, kuma farfaɗo da shi yakan ɗauki makonni. A shekarun 1970 Farfesa Gatze Lettinga na Jami'ar Wageningen a ƙasar Holan ya ƙirƙiro wani tanki da ruwa ke shiga ta ƙasa ya ratsa shimfiɗar laka mai cike da bakteriya ya fita ta sama, kuma masana'antun abinci da dama a duniya suna aiki da irinsa. Kowane kilogiram na COD da aka cinye yana iya ba da kimanin lita 350 na misen. Idan COD ɗin masana'antar da aka yi misali da ita kilogiram 80 ne a rana, tankin kuma ya cinye kashi 70 cikin 100, za a sami gas kusan lita 20,000 da za a hura tukunyar tururi da shi.

Ragowar ƙazantar sai a miƙa wa bakteriya masu shan iska. Edward Ardern da William Lockett ne suka bayyana wannan hanya a birnin Manchesta na Ingila a shekarar 1914. Ana hura iska a cikin tankin dare da rana, bakteriya su ci su yi curi, a kai ruwan wani tanki curin ya kwanta, sa'an nan a mayar da wani kaso na lakar tankin farko kamar yadda mai nono ke ajiye ɗan tsami don gobe. Suna bukatar abinci mai daidaito: ga kowane kashi 100 na BOD, kashi 5 na naitirojin da kashi 1 na fosfaras. Idan ruwan bai da su, sai a ƙara masa ɗan takin zamani. Wasu bakteriya, irin su Pseudomonas, suna iya cin finol kansa, muddin aka saba musu da shi kaɗan-kaɗan. Idan aka kwarara musu shi gaba ɗaya sai su mutu, kuma wannan ne amfanin tankin daidaitawa.

Mataki na Huɗu: Gogewar Ƙarshe

Ko bayan duk wannan, ruwan yakan fito da ɗan launi kamar na shayi. Ana bi da shi ta cikin yashi, sa'an nan ta cikin gawayi na musamman wanda aka gasa da tururi mai tsananin zafi har ya cika da ƙananan ramuka. Faɗin bangayen ramukan da ke cikin giram guda na irin wannan gawayi yana iya kai murabba'in mita 1,000, kuma a jikinsu finol da launi ke maƙalewa. Ana iya yin gawayin daga ɓawon kashun da aka riga aka tatse, watau sharar masana'antar ta zama maganin ruwanta.

Hanyar Masu Ƙaramin Ƙarfi

Tankin hura iska ba ya aiki sai da lantarki marar yankewa, kuma ƙungiyar mata masu man kaɗe ba za ta iya ɗaukar nauyinsa ba. Amma inda akwai fili da rana, tafkuna uku a jere suna yin aikin. Na farko mai zurfin mita 3 ko fiye, inda tuƙa ke kwantawa ta ruɓe ba iska. Na biyu mai zurfin mita 1 zuwa 2, inda gansakuka ke samar da oksijin da hasken rana, bakteriya su sha su ba ta iskar kabon da take bukata. Na uku marar zurfi, inda rana ke kashe ƙwayoyin cuta. Dole a daɓe gindin tafkunan da yumɓu ko a shimfiɗa leda mai kauri, a kuma nisanta su da rijiya. Ana iya ƙarasawa da kwari mai tsakuwa da aka shuka wa jema, wadda saiwoyinta ke zama mazaunin bakteriya. Tun kafin nan, idan aka tace tuƙar kaɗanya da buhu aka shanya ta, za ta zama makamashi, kuma nauyin da ke kan tafkunan zai ragu ƙwarai.

Abin da Doka Ta Tanada

Bayan da aka gano sharar guba da aka jibge a garin Koko, a Jihar Delta ta yanzu, a shekarar 1988, gwamnati ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA, wadda a shekarar 1991 ta fitar da ƙa'idojin da suka wajabta wa masana'antu tsarkake ruwansu kafin su zubar. A shekarar 2007 aka kafa hukumar NESREA, ita kuma a 2009 ta fitar da ƙa'idoji na musamman ga masana'antun abinci da abin sha. Jagorar da rukunin Bankin Duniya ya fitar a 2007 ga masana'antun abinci ta ƙayyade cewa BOD kada ya wuce miligiram 50 a lita, COD 250, mai 10, pH kuma tsakanin 6 da 9. Masana'antar da aka yi misali da ita ke nan sai ta kawar da kusan kashi 99 cikin 100 na BOD ɗinta, abin da babu wani mataki guda da zai iya yi shi kaɗai.

Kammalawa

Tsarkake wannan ruwa aiki ne na jeri, kowane mataki yana share wa na gaba hanya. Raga da tankin mai da alif suna rage kaya, sinadarai suna karya guba, bakteriya su cinye saura. Masana'antar da ta tsallake matakan farko za ta kashe bakteriyarta, wadda kuma ta tsaya a kansu za ta zubar da ruwa mai haske wanda har yanzu yake shaƙe rafi. Mutanen da ke ƙasan rafin, masu sha da masu ban ruwa da masunta, su ne ke biyan kuɗin matakin da aka tsallake.

Aikin Gwaji

A sami kwalabe uku masu murfi. A cika ta farko da ruwan tafki zalla, ta biyu a ƙara mata cokali 1 na ruwan da aka zubar bayan bugun man kaɗe ko na wankin hatsi, ta uku cokali 5. A ɗiga wa kowace ɗigo 3 na shuɗin mesilin na ɗakin gwaji, a cika su fal, a toshe, a ajiye a duhu, a riƙa dubawa kullum. Shuɗin yana ɓacewa ne idan oksijin ta ƙare. Malami ya kula kada ɗalibai su taɓa man ɓawon kashu da hannu.

Tambayoyi

1. Wace kwalba ce launinta ya fara ɓacewa, kuma me ya sa?
2. Mene ne bambancin BOD da COD?
3. Idan BOD ɗin wani ruwa 600 ne, COD ɗinsa kuma 3,000, wane mataki ya kamata a gabatar kafin a kai shi ga bakteriya?
4. Me ya sa gurɓataccen ruwa ya fi yi wa rafi illa a lokacin bazara fiye da damina?